Ai Fim Ba Maganin Tari Ba Ne

Jama'ar Sabon Tasha, ina gaisuwa. Ina gaida na Unguwar Boro da na Unguwar Sunday da na Television, da 'yan Narayi masu leƙowa ta katanga, har zuwa dangi na Kachia, Zonkwa, Kagoro da Kafanchan. Saƙonku ya iso. Tun da labari ya bazu cewa ina bin tsofaffin shagunan masu hoto ina sayen ragowar fim ɗin da wa'adinsa ya ƙare tun Obasanjo na mulkin farar hula, in ɗura a kyamara in ɗauki hoto da shi, ban huta da dariyarku ba. Wasu sun ce talauci ne ya zo mini da sabon salo. Wasu sun ce a'a, ƙoshi ne, don mai jin yunwa ba ya irin wannan wasa. Wata baiwar Allah kuwa shawara ta bayar, wai a sa ni a keke a kai ni Barnawa likita ya duba kaina. Na gode, Mama, Allah ya bar zumunci. To ku gyara zama, yau kowa zai karɓi rabonsa.

Bari in fara da Oga mai kemis, tun da shi ya fi kowa ɗaga murya. Hujjarsa guda ce: abin da kwanansa ya ƙare ya ƙare, kuma da hukumar NAFDAC za ta ji labarina da tuni an zo da mota. Oga, a cikin shagonka gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Ba mu manta ba, tun daga 2001 da marigayiya Dora Akunyili ta kama ragamar hukumar aka riƙa tara jabun magunguna da waɗanda suka lalace ana cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma rayuka da yawa sun tsira. Kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya ba yaro tsohon maganin tari ya ce ni na koya masa. Amma Oga, wa ya ce maka haɗiye fim nake yi? Kwanan watan da ke jikin kwalinsa alkawarin kamfani ne kawai. Cewa suke yi: daga yau zuwa wannan rana, galibi shekara biyu ko kusa da haka, mun ɗauki nauyin launi zai fito daidai. Bayan ranar, sun zare hannunsu, kai da sa'arka. Zare hannun kamfani daban, mutuwar fim daban.

Tun da kai mutumin sinadari ne, bari in yi maka bayani da yarenka. Fim leda ce siririya da aka shafa wa wani irin danƙo da ake dafowa daga ƙashi da fatar dabbobi, musamman shanu. A cikin danƙon an barbaɗa ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, waɗanda ido ba ya gani. Da haske ya taɓa su sai ya bar musu tabo a ɓoye, sai an kai wanki tabon ke bayyana ya zama hoto. Fim mai kala kuwa hawa-hawa ne: wani hawa na kama shuɗi, wani kore, wani ja. To me tsufa ke yi masa? Zafi da laima, da wani tururin haske mai ratsa kwali da bango wanda ke saukowa daga sararin sama yana kuma tasowa daga ƙasa, su ne ke taɓa ƙwayoyin nan kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Sakamakon abu uku ne. Hazo ya rufe hoton, ƙarfin kama haske ya ragu, sannan hawan nan uku ba sa tsufa tare, shi ya sa launi ke karkata, wani fim ya koma ruwan hoda, wani kore, wani ɗorawa. Tsohon fim kamar dattijo ne da ganinsa ya ragu: bai makance ba, amma in zai yi karatu sai ya ɗauki littafin ya fito bakin ƙofa inda rana take. Iyakar sirrin ke nan, a ƙara masa haske.

Na biyu a layi shi ne wanda maganarsa ta fi yi mini nauyi, wato Baba mai hoto, wanda ya yi zamani da Yashica a wuya tun ana busa usur ɗin tashi aiki a masaƙun Kakuri. Baba, ranka ya daɗe, na durƙusa. Abin da ka aiko a gaya mini shi ne, ku kun sha wahala kuna gudun kalmar nan "hoto ya ƙone", ni kuma ga shi ina bin ta da kuɗina. Yaran yanzu ba za su gane zafin wannan magana ba, don haka bari in tuna musu. A da, ranar Kirsimeti ko ranar Sallah, layi ake yi a ƙofar mai hoto. An yi sabon ɗinki, an shafa mai har goshi na ƙyalli. A bayanka labule ne da aka zana benaye da jirgin sama, a gefenka furen roba, a hannunka kan tarho wanda wayarsa ba ta zuwa ko'ina. Mai hoto ya ce kada ka motsa, filasha ta haska, ka biya rabin kuɗi, a ce ka dawo bayan sati. Ka dawo da murna, sai ka tarar da shi yana sosa ƙeya. Nan take ka san ya ƙone. In hoton Sallah ne da sauƙi, a sake sa kayan a sake ɗauka. In na ɗaurin aure ne fa? Amarya ba za ta sake fitowa daga coci don Baba ya gyara kuskure ba. An yi masu hoton da suka sauya hanyar zuwa kasuwa saboda fim guda.

Saboda haka Baba, a nan na ba ka gaskiya tun kafin ka nema. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutane ya je biki ko suna ko jana'iza da fim ɗin da ya kwana shekara ashirin a kanta, ba mai fasaha ba ne, mai neman rigima ne. Ka yi tunanin 'yan Zumuntar Mata sun yi anko, sun jera a gaban coci, hoto ya fito zanensu ya koma kalar da ko a Kantin Kwari ba a taɓa sayarwa ba. Wa zai raba ka da su? Tsohon fim na ranar da ba ka bin kowa, kowa ba ya bin ka ne. Ka je tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wadda tun shekarun 1920 ta zama mahaɗar layukan dogo, ka ɗauki tsofaffin taragu da tsatsarsu. Ka je Matsirga ka ɗauki ruwa yana zubowa daga kan dutse. Ka tsaya gefen hanyar Kachia lokacin da aka baza citta tana shan rana. In ya fito, ka samu abin da babu mai irinsa. In ya ƙone, citta ba za ta kai ka ƙara wurin mai unguwa ba.

Kuma Baba, ba da ka ake yin abin ba, akwai lissafi, kuma lissafinku ne na da. Ka tuna lambar ASA da ke jikin kwali, 100 ko 200 ko 400, wadda ke nuna saurin kama haske? Ƙa'idar da masu wannan harka suka saba bi a fim mai kala ita ce, duk shekara goma da ta wuce a kan wa'adi, a raba lambar biyu. Fim mai 400 da ya ƙare tun 2005, sai ka gaya wa kyamara cewa 100 ne, ita kuma ta buɗe ido ta ba shi haske ninki huɗu. Amma wannan lissafin waɗanda suka ajiye nasu a ɗaki mai sanyi ne. Namu da ya yi shekaru a shago mai rufin kwano yana shan zafin Maris da Afrilu, ya kuma sha laimar Agusta, sai a ƙara masa wani rabin, a sauko 50. Mai babbar lamba ya fi saurin lalacewa, mai ƙarama ya fi juriya, baƙi-da-fari kuwa ya fi su duka taurin rai. Kyamarar ma sai an zaɓa. Tun 1983 Kodak ta fito da wasu alamomi masu ƙyalli a jikin gwangwanin fim, waɗanda ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu ke karantawa su saita lamba ba tare da sun tambaye ka ba. Irin waɗannan ba su san fim ya tsufa ba. Nemi wadda ake murɗawa da hannu, irin su Pentax K1000 ko Zenit ɗin Rasha mai nauyin tsiya. In ka samu fim da yawa daga kwali guda, ka gwada ɗaya tukuna, shi zai ba ka labarin 'yan'uwansa. Kuma ka fita da rana, kada ka kai shi cikin ɗaki da magariba ka ce zai yi maka abin al'ajabi.

Akwai ma wata riba da ƙarin hasken nan ke yi mana mu baƙaƙen fata. Shekaru da dama, katin gwaji da Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton wata Baturiya ne, ana kiran katin Shirley. Da farar fata aka auna komai, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Shi ya sa a wasu tsofaffin hotunan makaranta ba ka ganin komai a fuskar yaro sai ido da haƙori. Gwanayen masu hoto na Afirka ta Yamma sun san maganin abin tun tuni, suna auna haske a kan fuskar mutum, ba a kan farar rigarsa ba. Dubi aikin Seydou Keïta da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ko Malick Sidibé da aka ba babbar lambar yabo a Venice a 2007, ko namu J.D. 'Okhai Ojeikere da ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968 har ya tara kusan dubu. Hotunan da aka ɗauka a shagon unguwa irin naka, Baba, yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya.

Yanzu kuma ga ƙanena mai waya, wanda ya fi kowa dariya, har da riƙe ciki. Wai don me zan jira sati in ga hoto, alhali shi kafin in ƙifta ido ya ɗauki hamsin? Ƙanena, miƙo wayar nan. Wannan hoton naka da ka ɗora jiya, wanda ka sa wa launin ɗorawa-ɗorawa da ɗigo-ɗigo da duhu a gefe, me kake kwaikwayo? Tun da Instagram ta fito a 2010, abin da ta fara jan mutane da shi ke nan, rina sabon hoto ya yi kama da wanda aka ɗauka da tsohon fim. Wato kai kana sayen data don ka yi jabun abin da ni nake da na ainihi, sannan ni ne za a kai Barnawa? Kuma ina tambaya, ina hotunan da ka ɗauka da wayarka ta fari? Wadda aka zare maka a kasuwar Sabo, ko wadda ta faɗa rijiya, ko wadda katinta ya wayi gari ya ce a goge shi? Je ka buɗe akwatin Mama, ƙarƙashin zannuwa, za ka tarar da nagatif ɗin aurensu a cikin ambulan. Ɗaga shi sama ka duba, kowa na nan, har da ɗan'uwan da ya zo cin shinkafa ba a gayyace shi ba.

Ba gaba nake da wayarka ba, ni ma da ita nake kiran gida. Abin dariyar ma shi ne, kyamarar dijital ta farko a cikin kamfanin Kodak aka ƙera ta, wani injiniyansu mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a 1975. Manyansa suka ga abin zai kashe musu kasuwar fim, suka yi ta jan ƙafa, har wasu suka sha gabansu. A 2012 Kodak ta je kotu neman kariya daga masu bin ta bashi. Kafin nan reshen hoto na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica ta bar sana'ar a 2006. A nan gida kuma wayar salula ta shigo a 2001, ba a daɗe ba ta zo da kyamara a bayanta. Wannan guguwa ce ta bar kwalayen fim a kantocin Kaduna babu mai tambaya, su ne nake bi ina tsinta. Amma kada ka yi saurin yi wa fim sallar gawa. A 2018 Kodak ta dawo da Ektachrome, wani fim da ta daina yi, saboda matasa irinka a wasu ƙasashe sun koma nema. In yayin ya iso Legas, ya hau mota ya zo Kaduna, na san kai ne za ka fara zuwa aron kyamarata, kana cewa dama can kana sha'awar abin.

Wani malamin makaranta daga Zonkwa ya yi tambaya mai ma'ana: shekara nawa fim zai iya yi bai mutu ba? Malam, ga labari. A 1897 wasu mutum uku 'yan ƙasar Suwidin, har da jagoransu Salomon Andrée, suka hau ƙaton balan-balan da nufin ratsa ƙuryar arewacin duniya ta sama. Ba su dawo ba. Sai a 1930 aka tsinci gawarwakinsu a wani tsibiri mai ƙanƙara, tare da fim ɗin da ɗayansu, Nils Strindberg, ya ɗauka. Bayan shekara 33 aka kai shi wanki, hotuna 93 suka fito, har da na balan-balan ɗin kwance a kan ƙanƙara. Na san abin da za ka ce, Malam: ai Sabon Tasha ba ƙanƙara. Wannan kam ka ci maki. Sanyi ne ya tsare wancan fim, shi ya sa masu abin ke ajiye nasu a firji, in za su yi aiki da shi su fito da shi ya huce a cikin robarsa kafin su buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Mu kuwa da wutarmu ke zuwa gaisuwa ta koma, firjin kansa addu'a yake nema. Dabarar talaka ita ce roba mai murfi, a can ƙasan ɗaki inda rana ba ta kai, nesa da kicin da rufin kwano.

Sai kuma abokin wasana Bakano, wanda bai tambayi launi ba, bai tambayi tarihi ba, tambayarsa ɗaya: nawa ake samu? Alhaji, na san za ka zo. Mu mutanen ƙasar Zazzau mun saba, ko wata aka nuna maka sai ka tambayi kuɗin dozin. To babu riba, kwantar da hankalinka. Sabon fim da dala ake shigo da shi, ya yi tsadar da sai dai a gaisa daga nesa. Tsohon ne ake samu da rangwame, wani lokaci mai shagon ma murna yake an rage masa tarkace. Masu wankin kala sun yi ƙaranci, sai an yi cigiya. Amma baƙi-da-fari ana wanke shi a gida: ɗaki mai duhu ƙirin, ɗan tulun wanki, ruwa mai sanyin digiri 20, da magani kala biyu, mai fito da hoto da fiksa mai tsayar da shi. Kai, har da garin kofi ana yi. A 1995 wani malamin kimiyya da ɗalibansa a birnin Rochester na Amurka, garin Kodak kanta, suka nuna kofi na iya fito da hoto, yanzu kuma masu yi na haɗa shi da sodar wanki da bitamin C. Ka ga in ciniki ya ƙi, sai mu haɗa jari da mai shayi. Na kala ne mai fitina, don shi sai ruwa ya tsaya daf da digiri 38, ko da yake a watan Maris garin nan kyauta yake ba da wannan.

Abin da ake samu, Alhaji, ba ya shiga aljihu. Gwangwani guda hoto 36 ne, wani 24. Mutumin da ya san abin da ya rage masa ke nan ba ya danna maɓalli don kaza ta gifta. Zai tsaya, ya dubi inda rana take, ya gaida mai kayan, ya nemi izini, ya jira mai turin baro ya wuce. Kafin ya ɗauki hoto guda ya san sunan unguwar da na mai shagon. Ni dai ban ga asara a nan ba.

Kafin in sallame ku, ga magana guda wadda babu wasa a ciki. A gidaje da yawa a garin nan akwai ɗan gwangwanin fim a cikin durowa ko tsohuwar jaka, wanda aka ɗauka ba a kai wanki ba. Ga yadda ake ganewa: in harshen fim ɗin na leƙowa waje, galibi ba a yi aiki da shi ba. In ya shige ciki gaba ɗaya, to an ɗauka an naɗe, akwai mutane a ciki. Kada ku ba yara su yi wasa da shi, kada ku ja shi ku duba a rana, daƙiƙa guda ta isa ta shafe komai. In a cikin tsohuwar kyamara yake, kada ku buɗe bayanta sai an naɗe shi. Shi ba a iya ƙara masa haske, abin da ya kama ya kama, kuma kowace bazara tana rage shi, don haka a nemi mai wanki tun da wuri. Mun san abin da garin nan ya gani. Bayan rikicin shekarar 2000 iyalai da yawa sun sauya unguwa, wasu suka hayo kudancin kogin Kaduna, wasu suka koma arewacinsa, kuma mai gudu ba ya tsayawa neman albam. Akwai gidajen da ba su da hoton kakansu ko guda. Mai yiwuwa yana cikin gwangwanin nan da kuke shirin sharewa da bola, tsaye kusa da maƙwabcin da aka rabu da shi tun wancan lokaci.

To masu dariya, ga gayyata. Ranar 1 ga Janairu ana bikin Afan a Kagoro, kamar kowace shekara. Motoci na tashi daga nan Sabo, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Ƙanena ya zo da wayarsa da cajarsa, Oga mai kemis ya zo da tabaransa ya karanta mini kwanan watan da ke kwalin da babbar murya, Baba ya zo ya riƙa gyara mini tsayuwa, Alhaji kuma ya riƙe lissafi. Zan jera ku a gindin dutse, rana a fuskarku, in ɗauka sau uku. Wanda fuskarsa ta fito koriya kada ya neme ni, na riga na yi bayani. Wanda tasa ta fito da kyau kuwa, kowane kwafi da kuɗinsa, kuma wanda ya yi mini dariya ba na ba shi bashi.